Daga Kududdufin Daura zuwa Kwalbar Miller: Tarihin Binciken Mafarin Rai

Duk wanda ya yi damina a ƙasar Daura ya san abin da ruwan fari ke yi. Kududdufin da ya shekara a bushe, ƙasa ta tsattsage, kwana biyu da saukar ruwa sai a ji shi ya cika da kukan kwaɗi. Ba abin mamaki ba ne idan mutum ya zaci taɓo ne ya haife su. Aristotal ma, masanin Yunanawa, haka ya ɗauka game da waɗansu kifaye da tsutsotsi, Turai kuwa ta bi shi wajen shekara dubu biyu. Muddin ana kan wannan zato, babu mai tambayar yadda rai ya fara, domin ana ganin kullum farawa yake yi.

Cikin 1668 wani likitan Italiya, Francesco Redi, ya sa nama a tuluna, ya rufe waɗansu da ƙyalle mai shara-shara, ya bar waɗansu a buɗe. Tsutsa ba ta fito ba sai inda ƙuda ya sauka. Saura ƙananan halittun da ido ba ya gani, su kuwa Louis Pasteur na Faransa ya gama da su wajen 1862. Ya tafasa romo a kwalabe masu lanƙwasasshen wuya, iska na shiga amma ƙura na maƙalewa, romon bai lalace ba. Kwaɗin kududdufi ma a ƙarƙashin ƙasa suka yi rani, kamar yadda gaiwa ke yi.

To, a nan wuyar ta taso. In rai daga rai kaɗai yake fitowa, na farko fa? Masanan hanya suke nema, watau matakan da aka bi. Darwin, a wasiƙarsa ta 1871 zuwa ga Joseph Hooker, ya kawo misalin wani ɗan tafki mai ɗumi, ya tsaya nan. Oparin na Rasha cikin 1924 da Haldane na Ingila cikin 1929, kowa da kansa, suka ce iskar duniyar farko ba irin ta yau ba ce, kuma a cikinta sinadaran jiki za su iya haɗuwa su taru a teku.

Wanda ya gwada maganar shi ne Stanley Miller, ɗalibin Harold Urey a Jami'ar Shikago. Ya rufe ruwa da iskar mitan da amoniya da haidirojin cikin kwalabe, ya yi ta sakar musu tartsatsin lantarki a madadin walƙiya. Bayan mako guda ruwan ya rine, aka sami amino asid a ciki, watau tubalan da ake gina furotin da su. Aka buga sakamakon cikin 1953, jaridu suka yi ta kururuwa. Amma fa tubali ba ɗaki ba ne, Miller bai kuwa ce ya yi rai ba. Daga baya masana duwatsu suka rinjaya ga cewa iskar farko ba ta yi daidai da wadda ya zuba ba. Duk da haka dutsen da ya faɗo daga sama a Murchison ta Ostireliya cikin 1969 ya zo da amino asid, alamar tubalan ba su da wuyar samuwa. Cikin 1977 kuma aka gano maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙarƙashin teku kusa da Galapagos, cike da halittu inda rana ba ta kaiwa, sai masana suka rabu: waɗansu na tafki, waɗansu na ƙasan teku. Har yanzu ba wanda ya haɗa abu mai rai daga sinadarai zalla.

Mai binciken asalin Daura yana da Girgam da bakin dattawa da rijiyar Kusugu. Mai binciken mafarin rai ba shi da shaida sai dutse. A Pilbara ta Ostireliya an sami sawun ƙananan halittu na kimanin shekara miliyan 3,500. A Kaduna ma an auna dutse mai kusan wannan tsufa, sai dai zafi da matsi sun sāke masa kama tun tuni, ba a karanta sawun rai a jikinsa.