Waiwaye Adon Tafiya: Kogin Haɗejiya Jiya da Yau

Kogin Haɗejiya da iyayenmu suka sani kogi ne mai lokaci. Ruwansa kan gangaro daga ƙasar Kano da damina, ya cika ya batse a watannin Agusta da Satumba, ya malale fadamu har zuwa Nguru. Manomi kan riga shi da shukar shinkafa, masunci ya bi shi da koma. Idan ya ja baya a bi danshi a shuka wake, Fulani su sauko da shanu. Da bazara kuwa sai ya ƙafe, ya bar 'yan kududdufai.

Wannan tsari ya fara sauyawa da kammala madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992. Ambaliya ta ragu, ruwan da ake saki domin noman rani kuma ya hana kogin ƙafewa. A nan kacala ta sami gindin zama, domin a da bushewar bazara ke karya lagonta. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, tsuntsayen jan-baki masu cinye amfanin gona suka sami maɓoya. Rafin Burum Gana ya cushe, ruwa ya karkata ta Marma zuwa tafkin Nguru. Gonakin wasu suka nutse, na wasu suka ƙeƙashe.

A 2006 jihohi shida da ke cin moriyar wannan kwari suka kafa asusun gyara shi, an kuma sha yashe rafuka. Amma yasa kaɗai ba ta isa ba. Mai gyara yana bukatar sanin inda ruwa ya saba bi, yaushe yake zuwa, kwana nawa yake yi a fadama. Da wannan sani ne za a tsara sakin ruwa daga madatsu ya kwaikwayi ambaliyar da, a kuma bar kogin ya sha iska da bazara.

Wani ɓangare na amsar yana cikin tsofaffin taswirori da bayanan awon ruwa na Wudil da Gashuwa. Sauran yana bakin dattawanmu, manoma da masunta da suka ga kogin kafin 1974, kuma kullum raguwa suke yi. Mu da ke birane, idan mun je gida da salla, mu zauna da su, mu rubuta sunan kowace fadama da iyakar da ruwa ke kaiwa. Abin da ba a rubuta ba, tare da mai shi ake binne shi.