Faɗuwar Mbida a 1958 da Haƙƙin Majalisa Kan Yaƙi

Daga cikin al'amuran da masu nazarin tarihin Kamaru suka yawaita ambato, amma suka ƙaranta auna su da ma'aunin adalci, akwai faɗuwar gwamnatin André-Marie Mbida cikin Fabrairun 1958, wadda ta buɗe wa Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, ƙofar mulkin da ya riƙe har 1982. Abin da nake nufin tabbatarwa a nan shi ne, majalisar da ta sami ikon kawar da shugaban gwamnati ana tsakiyar yaƙi, ta kawar da mutum ta bar yaƙin bai sha tambaya ba, kuma wannan sakaci shi ne asalin rauninta a shekarun da suka biyo baya.

Asalin fitinar sananne ne. Bayan tarzomar Mayun 1955, hukumar Faransa ta haramta jam'iyyar UPC, wadda ke neman 'yanci nan take da haɗe Kamarun Faransa da ta Ingila, sai jagoranta Ruben Um Nyobè ya shige dajin ƙasar Bassa. Da aka yi zaɓe cikin Disambar 1956, ba tare da ita ba, aka sami majalisa mai kujeru 70, wadda ƙungiyar wakilan Arewa ƙarƙashin Ahidjo ta riƙe 30 daga cikinsu, galibi da goyon bayan lamiɗai. Cikin Mayun 1957 aka naɗa Mbida Firayim Minista na farko, Ahidjo kuwa ya zama mataimakinsa, yana kuma riƙe da ma'aikatar harkokin cikin gida.

Mbida mutum ne mai kaifin harshe, wanda bai yarda da sulhu da 'yan daji ba, har ya tafi Boumnyébel cikin Nuwambar 1957 ya yi wa mutanen wurin kashedi mai tsanani, ya ɗibar musu wa'adi. A ƙarshen shekarar nan kuma sojan Faransa, ƙarƙashin Laftanar-Kanar Lamberton, suka mayar da yankin Sanaga-Maritime fagen yaƙi, suna tattara talakawa daga ƙauyukansu zuwa sansanoni a bakin hanya. Daɗin daɗawa, Mbida ya bayyana ra'ayin a jinkirta 'yanci har shekara goma, alhali kuwa kalmar 'yanci ita ce ta cika bakin kowa a Duwala da Yawunde. Da haka ya zama nauyi ga Faransa kanta, domin ta fahimci ba za a raba UPC da jama'a ba sai an ɗauke mata takenta an ba wani ya riƙe.

Sa'ad da sabon Babban Kwamishina Jean Ramadier ya iso a farkon Fabrairu, bai yi jinkiri ba: aka shigar da ƙudurin rashin amincewa a majalisa, Ahidjo da ministocin Arewa suka yi murabus, Mbida ya nemi naɗa waɗansu a gurbinsu Ramadier ya ƙi sa hannu, kuma ko da yake ƙarar da Mbida ya kai Faris ta sa aka janye Ramadier, rinjaye ya riga ya kuɓuce masa, ya ajiye aiki, aka tabbatar da Ahidjo ranar 18 ga Fabrairu.

Masu kare wannan mataki suna da hujja, kuma ba daidai ba ne a raina ta. Suna cewa majalisa ta yi aikinta, ta cire mai taurin kai ta kawo mai sanyin hali wanda ya yi alkawarin 'yanci da haɗewa da sasantawa, kuma 'yancin ya tabbata ranar 1 ga Janairun 1960. Amma fa malamanmu na fiƙihun siyasa, tun daga Mawardi, da suka yi magana kan ahlul halli wal aƙdi, watau ma'abota warwarewa da ƙullawa, sun rataya cire shugaba ga illar da ta bayyana a adalcinsa, domin maƙasudin cirewa shi ne gushewar zalunci. Idan aka ɗora al'amarin 1958 a kan wannan mizani, sai a ga illar da ta fi girma, watau zubar da jinin talakawa, ba ta gushe ba. Cikin Satumbar 1958, wata bakwai bayan sauyin, soja suka kashe Um Nyobè a daji. Yaƙi ya koma ƙasar Bamileke ya ƙara muni cikin 1960. Aka sa wa shugaban UPC Félix Moumié guba a Janeba a wannan shekara. Aka harbe wani jagoran UPC, Ernest Ouandié, a Bafoussam cikin Janairun 1971.

Ya kamata a kwatanta da abin da ya faru a Faransa a daidai wannan lokaci. Ana tsakiyar yaƙinta da Aljeriya, jiragenta sun jefa bama-bamai a ƙauyen Sakiet Sidi Youssef na Tunisiya ranar 8 ga Fabrairun 1958, rikicin da ya biyo baya ya sa majalisar Faris ta ka da gwamnatin Félix Gaillard cikin Afrilu, amma yaƙin Aljeriya ya ci gaba har 1962. Darasin ɗaya ne a wuraren biyu: sauya shugaba abu ne mai sauƙi ga majalisa, tsayar da yaƙi kuwa yana bukatar ta binciki dalilinsa, da kuɗinsa, da yadda ake gudanar da shi, ta kuma ɗora wa shugaban da zai gaje shi sharuɗɗa bayyanannu.

Majalisar Yawunde ba ta ɗora irin waɗannan sharuɗɗa ba, sai ma ta yi akasin haka, domin cikin Oktobar 1959 ta miƙa wa Ahidjo cikakken ikon yin doka da kansa na wata shida, duk da adawar wakilai irin su Daniel Kemajou, kuma daga nan hanya ta miƙe zuwa jam'iyya ɗaya tilo a 1966. Lalle mu mutanen Arewa, da muke alfahari da cewa a Garwa aka kafa jam'iyyar Union Camerounaise ta Ahidjo cikin 1958, wajibi ne mu karɓi rabonmu na wannan hisabi, tun da ƙuri'un wakilanmu ne suka rinjayar da ma'auni, alhali wutar tana ci ne nesa da kogin Binuwai, a gidajen waɗansu.

Cikin Agustan 2025 Shugaba Emmanuel Macron ya amsa cewa Faransa ta yi yaƙi a Kamaru, bisa rahoton kwamitin masana tarihi da Karine Ramondy ta jagoranta. Saura namu ɓangaren. Ina kira ga malaman jami'o'in Ngaundere da Marwa da Garwa su nemi kundin muhawarorin majalisa na 1958 da 1959, su fitar wa jama'a abin da kowane wakili ya faɗa da inda ya jefa ƙuri'arsa, domin wakilan yau su san cewa amanar rayuka tana wuyan wanda ya ba da izinin yaƙi kamar yadda take wuyan wanda ya yi shi.