Tsofaffin da Suka Koma Chernobyl

Ranar 26 ga Afrilu, 1986, wani sashe na tashar nukiliya ta Chernobyl da ke Yukren ya yi bindiga. Gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta kwashe mutum sama da 100,000 daga yankin da ke cikin kilomita 30 daga tashar, ta sake musu matsuguni.

Ba a jima ba ɗaruruwa suka lallaɓa suka koma ƙauyukansu, duk da doka ta hana. Akasarinsu tsofaffi ne, mata sun fi yawa. Wasunsu sun ga yunwar 1932 zuwa 1933 da mamayar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. Gubar da ido ba ya gani ba ta firgita su kamar zaman baƙunta ba.

Me suka koma nema? Lambunsu, rijiyarsu, kaburburan iyayensu, da maƙwabciyar da suka yi ƙuruciya tare. Daga baya hukuma ta ƙyale su.

Kafin ka ɗauko tsohuwarka daga ƙauye zuwa birni don ta huta, fara tambayarta. Wataƙila hutun da take so shi ne ta tsufa inda kowa ya san ta, mabuɗin ɗakinta yana hannunta.