Yoshie Takeshita, 'yar ƙwallon raga ta ƙasar Japan

Yoshie Takeshita tsohuwar 'yar wasan ƙwallon raga ce ta Japan. An haife ta ranar 18 ga Maris 1978 a birnin Kitakyushu da ke lardin Fukuoka. Aikinta a fili shi ne ɗaga ƙwallo ga masu bugu, gurbin da ake kira "passeuse" da Faransanci. Tsayinta santimita 159 ne kacal, alhali ragar wasan mata tana kai mita 2.24, kuma wannan tsayi shi ya zama abin gardama a kanta kusan tsawon rayuwarta ta wasa.

Ta shiga ƙungiyar NEC Red Rockets a 1996 bayan kammala sakandare, aka kira ta tawagar ƙasa a 1997. A shekara ta 2000 matan Japan suka kasa samun gurbin zuwa wasannin Olamfik na Sidni. Abin ya girgiza ƙasar, domin tawaga ce da ta taɓa cin zinariya a Tokiyo a 1964 da Montireyal a 1976. Masu suka suka ɗora mata laifi mai yawa. Hujjarsu ita ce, duk lokacin da juyin gurbi ya kawo ta gaban raga, abokan hamayya suna buga ƙwallo ta saman kanta ba tare da ta iya tarewa ba. Hujjar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, amma ta manta da sauran abin da mai ɗaga ƙwallo ke yi: saurin isa ƙarƙashin ƙwallo, da kai shi daidai inda mai bugu ke so kafin masu tarewa su shirya. A nan kuwa da wuya a samu wadda ta fi ta.

A 2002 ta bar NEC ta koma gida da niyyar barin wasa. Ƙungiyar JT Marvelous ce ta lallashe ta ta dawo a wannan shekara, sannan a 2003 koci Shoichi Yanagimoto ya maido ta tawagar ƙasa. Ta je Olamfik na Atina a 2004 da na Beijin a 2008, inda ta riƙe kyaftin.

A gasar duniya ta 2006 da aka yi a Japan, an ba ta kyautar gwarzuwar gasa da ta mai ɗaga ƙwallo mafi ƙwarewa, ko da yake Japan ta shida ta zo, Rasha ce ta ɗauki kofi. Zaɓin ya jawo ce-ce-ku-ce. Lambobin da ba wanda ya yi musunsu sun zo ne daga baya a ƙarƙashin koci Masayoshi Manabe: tagulla a gasar duniya ta 2010, sai tagullar Olamfik a Landan a 2012. A Landan Japan ta fitar da Sin a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe da ci 3-2, kowane zubi da tazarar maki biyu kawai, sannan ta doke Koriya ta Kudu 3-0 a wasan neman na uku. Shekara 28 ke nan rabon matan Japan da lambar Olamfik. Tauraruwar Koriya a wannan rana, Kim Yeon-koung, abokiyar wasan Takeshita ce a JT lokacin da suka ci gasar Japan ta kakar 2010-2011. Sai bayan an gama aka ji cewa Takeshita ta buga wasannin Landan da karyayyen yatsa a hannun hagu.

Ta sanar da yin ritaya a 2013. A 2016 aka naɗa ta kocin sabuwar ƙungiyar Victorina Himeji da ke lardin Hyogo.