Amsoshin Takardunku: Tarihin Wankin Ƙoda da Dalilin Rashin Barci

Tambaya: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Gashuwa ta Jihar Yobe. Ya ce wansa ya shekara ana yi masa wankin ƙoda, amma barci ya ƙaurace masa, har dangi sun fara zargin sammu. Yana son jin tarihin wannan na'ura da dalilin rashin barcin.

Amsa: To Malam, Allah ya ba shi lafiya. Wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Kolff shi ne ya ƙera na'urar a garin Kampen a shekara ta 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Ya nannaɗe wata siririyar leda, irin wadda Turawa ke ɗura niƙaƙƙen nama a ciki, a jikin gangar katako, jini na bi ta ciki yana tacewa. Majinyatansa na farko ba su rayu ba, sai a 1945 ya ceto wata tsohuwa 'yar shekara 67.

A 1960 likita Belding Scribner na birnin Siyatil a Amurka ya ƙirƙiro bututun da ake dasawa a hannu, ta yadda za a riƙa wankin a kai a kai. A wancan zamani majinyata kwana suke yi a jikin na'ura. Da na'urori suka inganta, majinyata kuma suka yi yawa, sai aka taƙaita aikin zuwa awa 4, sau uku a mako. A Nijeriya kuwa, an fara wankin ne a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a 1981.

To a nan gizo ke saƙar. Ƙodar da Allah ya yi wa ɗan Adam dare da rana take aiki, awa 168 a mako, ita kuwa na'ura awa 12 kacal. Dattin da ya rage a jini shi ke kawo ƙaiƙayi cikin dare. Ƙarancin jini da na sinadarin ƙarfe kan sa ƙafafu su ƙi zama wuri guda. Ruwan da ya taru a ƙafa kuma, idan mutum ya kwanta sai ya gangaro wuya, numfashi ya riƙa sarƙewa, ya yi ta farkawa. Ga gyangyaɗin rana a kan na'ura, ga kuma tunanin kuɗin wanki.

A 1994 likitoci a birnin Toronto na Kanada suka koma tsarin wankin dare, a gida, kusan kullum. A 2001 aka bayyana binciken da aka yi kan majinyata 14. Bakwai daga cikinsu da ke fama da sarƙewar numfashi, abin ya ragu daga sau 46 a kowace awa zuwa sau 9. Wato ke nan, idan jini ya wanku sosai, barci kan gyaru.

Saboda haka Malam, wannan ba sammu ba ne, wani ɓangare ne na ciwon. Kada wanka ya tsallake ranar wanki. Ya rage gishiri da kanwa, ya bar goro da shayi da yamma, ya daure ya rage barcin rana. Kada a sayo masa maganin barci a kemis ko jiƙe-jiƙe a kasuwa, domin ƙodar da za ta fitar da su ba ta aiki, sai su taru su zama guba. Ya gaya wa likitansa komai, har ƙaiƙayin da minsharin, don kowanne da maganinsa.

Da fatan mai sauraronmu ya gamsu.