Kaskon Turare da Abin da Yake Lulluɓewa

Lokacin da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, kakanninmu fataken goro suka bazu, wasu Yeji, wasu Kete Krachi, wasu kuma daga baya suka yada zango a Tamale. Cikin abin da suka gadar mana har da kaskon turaren wuta, wanda har yau iyayenmu mata a Gurugu ba sa tarbar baƙo sai sun zuba masa garwashi.

Sai dai hayaƙin nan ba ya kashe warin kwata, hanci kawai yake rinjaya. A 1991 Linda Buck da Richard Axel, masana a Amurka, suka gano 'yan kafofin da ke karɓar ƙamshi a can cikin hanci. Ɗan Adam yana da kusan iri 400. Ƙamshi mai ƙarfi kan mamaye su, sai saƙon wari ya isa ƙwaƙwalwa a raunane. Ita kuma takan daina kula da duk warin da ya zauna, cikin 'yan mintoci. Shi ya sa baƙo ke jin abin da mai gida ba ya ji, kunya ce kawai ke hana shi faɗa.

Turawa sun daɗe suna zaton wari ne ke kawo annoba, suna ƙona kayan ƙamshi don korar ta. A 1854 likita John Snow ya bi sawun kwalara a Landan har famfon Broad Street, ashe ruwan sha ne ya gurɓace. Ita ce cutar da ta kama fiye da mutum 28,000 a Ghana a 2014, galibi a Accra. Ƙudan da ke tashi daga kwata zuwa kwanon tuwonmu kuwa, hayaƙi na lafawa yake dawowa.