Sabo da Alheri: Nazari a kan Masallacin Nghar Yelwa

Ranar 23 ga watan Yunin 2018 'yan bindiga suka afka wa wasu ƙauyuka a Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato. Mutanen da suka tsere, galibinsu Kiristoci 'yan ƙabilar Berom, sun tarar da ƙofa a buɗe wajen limamin Nghar Yelwa, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83 a lokacin. Ya shigar da mata gidansa, maza kuma masallaci, mutum 262 ke nan. Da maharan suka ce ya fito da su sai ya ƙi, ya durƙusa yana roƙonsu har suka juya. A 2019 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ba shi lambar yabo ta 'yancin addini.

An fi ba da wannan labari a matsayin jarumtar yini ɗaya, kuma jarumta ce babu ja. Amma akwai wani ɓangare da ba a cika tsayawa a kansa ba, wanda limamin da kansa ya ambata wa manema labarai: filin da aka gina masallacin, Kiristocin yankin ne suka bai wa Musulmi shekaru da dama kafin harin. Waɗanda suka ba da filin ba su san wata rana jininsu ne zai fake a ciki ba. Hujjar wannan maƙala ita ce, babban alherin da ake gani ranar tashin hankali a kan ƙananan alherai na yau da gobe yake tsayawa, kuma su ne suke rage wa zalunci wurin zama tun kafin a zaro adda.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da haka. Samuel da Pearl Oliner sun yi hira da ɗaruruwan Turawan da suka ɓoye Yahudawa daga 'yan Nazi, suka buga sakamakon a 1988. Abin da suka gano shi ne, yawancin mutanen nan sun taso ne a gidajen da kula da wani ya zama ɗabi'a, kuma da yawansu daga ƙaramin roƙo suka fara. Ervin Staub, wanda shi kansa wata Kirista ce ta taimaka aka ɓoye shi yana yaro a Hangari, ya nuna a littafinsa na 1989 cewa mugunta hawa-hawa take yi: yau a raina mutum, gobe a zage shi, jibi a doke shi, kowane mataki yana sauƙaƙa na gaba. Alheri ma, in ji shi, haka yake girma, domin mutum yana koyo ne daga abin da hannunsa ya saba yi. Bahaushe ya riga ya taƙaita zancen da ya ce sabo turken wawa, sai dai turken nan yana ɗaure mai hankali ma.

A nan ne ƙaramin alheri yake aikinsa. Ba a iya yi wa mutum ƙeta cikin kwanciyar rai sai an fara tuɓe masa mutuntakarsa, an mayar da shi laƙabi. A Ruwanda a 1994 rediyo ya yi ta kiran Tutsi kyankyasai kafin a kashe su. Mu ma muna da namu laƙuban, kowa ya san su. Gaisuwa da suna, zuwa gaisuwar mutuwa gidan wanda ba addininku ɗaya ba, aika wa maƙwabci naman layya, ajiye randar ruwa a ƙofar gida don masu wucewa, duk suna hana laƙabi cinye mutumin. Ba banza ba A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wajen Hausawa, ya lissafa karamci da mutunci cikin siffofin da ake auna shi da su. Hadisai ma sun zo da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, da na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare.

Sai dai akwai suka mai ƙarfi, kuma bai kamata a kauce mata ba. A Ruwanda maƙwabci ya kashe maƙwabcin da suka yi shekaru suna cin abinci tare, a Jos ma a 2001 an ga irin haka. Ke nan alheri ba laya ba ne. Ba ya maye gurbin kotun da ke hukunta mai laifi, ba ya raba rigimar gona da burtali. Wanda ya ce murmushi kaɗai zai gyara ƙasa, yaudarar kansa yake yi, wataƙila kuma yana sauke wa hukuma nauyinta. Abin da sabo da alheri yake samarwa shi ne mutanen da za su ƙi bin taro ranar da taro ya haukace. Kaɗan ne a kowane gari, amma limami ɗaya ya wadatar wa mutum 262.

Wata matsalar ta fi kusa da ƙofar gidanmu. Akwai kyautar da ita kanta wulaƙanci ce. Hannah Hoechner, wadda ta yi bincike tsakanin almajirai a Kano har ta fitar da littafi a 2018, ta nuna yadda raini yake ci musu rai, ciki har da miƙa musu abincin da ya lalace. Mai bayarwar yana lissafin lada, alhali yaron ya koyi cewa darajarsa ba ta wuce ta kwandon shara ba. A ganina, duk sadakar da ta taɓa mutuncin mai karɓa a sahun zalunci ya kamata a lissafa ta. Kafin ka juye wa yaro tuwo a robarsa daren yau, ka ɗanɗana shi, sannan ka tambaye shi sunansa.